Wata Uku Yana Koyon Faɗuwa, Babansa Ya Ce Asarar Kuɗi Ce

Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce a Kaduna, yarana uku. Babban shekararsa 8, ƙiriniya ta yi masa yawa, shi ya sa muka sa shi a ajin judo na Asabar da Lahadi ko ya riƙa sauke ta a can. Yau wata uku ke nan, amma kullum na kai shi na ɗan tsaya, abu ɗaya nake gani: sun yi sahu suna faɗuwa da baya, suna dukan katifa da hannu, suna adungure. Babansa ya ce asarar kuɗi ce, shi da ya tashi a ƙauye babu wanda ya koya masa faɗuwa, kuma duk sa'o'insa sun sha ƙasa a hannunsa a fagen kokawa. Ya samo wani wuri da aka ce tun makon farko yara ke fara ka da juna, bayan wata biyu a canza musu ɗamara, wato a ƙara musu matsayi, yana so a mai da yaron can. Kafin nan ya fara koya masa da kansa a falo bayan isha'i. Makon jiya ƙeyarsa ta bugu da tayil, ya yi kuka ya ce kansa na ciwo, da safe ya ce ya daina. Shi ma yaron ya fara cewa ya gaji, don 'ya'yan yayata na kiransa sarkin faɗuwa. Ba na son musu da maigida, kuma ni kaina ban sani ba ko malamin jan lokaci yake yi don kuɗin wata. Ina mafita?

Uwar yara uku, Kaduna

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana su. Kin tura maganar buguwar ƙeya can ƙarshen wasiƙa kamar ƙaramin abu, ni kuwa da ita zan fara, don sauran duk za su iya jira.

Wasan falo ya tsaya daga yau. Tayil ba ya yafiya, kafet ɗin da ke kansa ado ne kawai, katifar kwana kuma ta yi laushi da yawa, ƙafa na nutsewa ta gurɗe, ga gefen gado da teburin tsakiya suna jira. Ciwon kan da ya tafi da safe alama ce mai kyau, mun gode Allah. Duk da haka ki zaunar da shi ki tambaye shi cikin lallashi, don yaro kan ɓoye ciwo idan ya ga babansa ne zai ji kunya. Shin kan yana dawowa da ciwo? Yana jin jiri? Haske ko hayaniya na damunsa? Barcinsa ya ƙaru ko ya ragu, ya faye fushi, malamarsa ta ce hankalinsa ba ya kan allo? Ko ɗaya daga ciki kika samu, likita zai gan shi kafin ya sake taka shimfiɗar judo. Ko ba ki samu komai ba, ki gaya wa malaminsa abin da ya faru kafin darasi na gaba, kar ki rufa wa falo asiri.

Dalilin da na matsa a nan shi ne, ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune cikin ƙoƙon kai. In kai ya tafi baya da ƙarfi ya tsaya farat ɗaya, ita ba ta tsayawa tare da shi, sai ta girgiza. Wani lokaci ƙananan jijiyoyin jini da ke tsakaninta da rufinta su tsinke, jini ya riƙa taruwa a hankali. Yaro zai iya tashi ya yi magana, ya ci tuwonsa, bayan sa'o'i ya fara amai ya sume. Mafi muni kuma shi ne bugu na biyu ya zo kafin na farko ya warke. Saboda haka duk ranar da kan yaro ya bugu kika ga amai, ko barcin da ba ya tasuwa, ko magana ta sarƙe, ko jijjiga, ko ciwon kan yana ƙaruwa, asibiti za a nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ba a shafa man zafi a ce bari mu gani zuwa safe.

To, mu zo kan malamin da ake zargi da cin kuɗin wata.

Na sa farar rigar judo tun ina jami'a, na kuma taɓa riƙe ajin yara na 'yan shekaru, don haka na san abin da kike gani daga bakin ƙofa. Sunansa ukemi da Japananci, wato yadda jiki zai karɓi ƙasa. Akwai na baya, na gefe, na gaba, da mirginawa ta kan kafaɗa wadda kika kira adungure. Ta bambanta da adunguren yaran unguwa, don a nan kai ba ya taɓa ƙasa ko kaɗan: mutum kan bi ta hannu zuwa kafaɗa, ya ratsa gadon baya a karkace, ya sauka a ɗaya ɓarin ƙugu. Kuma ki lura, ke farkon darasi kike gani. Kusan duk inda ake judo a duniya da wannan ake buɗe aji, har a wurin masu baƙar ɗamara masu furfura.

Wanda ya ƙirƙiro wasan a 1882 a birnin Tokyo sunansa Jigoro Kano. Ba shi da dangi a Kurmi ko Fagge, suna ne kawai ya zo ɗaya, amma na sha cin nasarar gardama da shi a majalisa. Ya ɗauko dabarun faɗan gargajiyar Japan ya tace su, ya ware masu kisa gefe, don mutane su iya gwada ƙarfinsu da gaske kullum kuma gobe su dawo lafiya. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne kowa ya iya faɗuwa. Wanda bai iya ba, ba a iya ka da shi da gaske, shi ma kuma ba ya sakin jiki ya kai hari, don tsoron ƙasa ya ɗaure shi.

A nan ne lissafin maigidanki ya ɗan goce, ko da yake ba zan raina kokawa ba. Wasan maza ne, a Nijar har takobi ake ba sarkinta duk shekara. Amma a kokawa kaye ɗaya ake yi, makaɗa su ɗauka, an gama. A kan rairayi ake yi, da sa'anka, sau ɗaya ko biyu a dare bayan kaka. Duk tarbiyyar ɗan kokawa ita ce ƙin faɗuwa: ka ƙame, ka turje, ka tokare. Yaron judo kuwa a darasi guda zai iya shan ƙasa sau talatin ko fiye, daga sama, ta kan ƙugun wani. In ya zo da halin turjiya da tokare hannu, wuyan hannu ne zai tafi, ko gwiwar hannu ta goce, ko ƙashin nan da ya haɗa wuya da kafaɗa ya karye. Tambayi kowane mai ɗori a unguwarku yadda yawancin yaran da ake kawo masa suka karye, zai ce miki hannu suka miƙa za su tare ƙasa.

Wannan miƙa hannun ba wauta ba ce, halitta ce, kowa da ita aka haife shi. Cire ta daga jikin yaro a dasa wata a gurbinta shi ne aikin da ke cin watanni. Malamin kirki ba ya farawa daga tsaye. Yaro zai kwanta rigingine, a ce ya ɗaga kai ya kalli ƙullin ɗamararsa, haɓa manne da ƙirji. Sai ya daki shimfiɗa da hannu biyu, tun daga tafi har damtse, hannuwan ba a manne da jiki ba, ba kuma a baje kamar mai shanya ba, tsaka-tsaki. Dukan nan da ke ba ku dariya amfaninsa biyu: yana raba nauyin faɗuwar a kan wuri mai faɗi, kuma hannun da aka ba aiki ba ya zuwa tokare ƙasa. Daga kwance a koma zaune, ya lanƙwasa baya ya gangara kamar ƙwarya. Daga zaune a tsuguna, daga tsugune a miƙe, sannan a yi ana tafiya, sannan wani ya riƙe shi ya sauke shi a hankali. Kowane mataki tazarar ƙeya da ƙasa ƙaruwa take yi, kuma ba a hawa na gaba sai na baya ya zauna. Ga shi kan yaro yana da nauyi in aka gwada da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Yaro ɗan shekara 8 zai iya gaya miki da baki cewa haɓa a ƙirji take zama, amma ranar da aka kwashe ƙafarsa ba zato, kan ya yi baya kamar na jariri. Sani daban, haddar jiki daban. Lokacin da nake riƙe aji, ba na yarda yaro ya iya sai na ga yana faɗuwa daidai alhali ina masa hira yana dariya, hankalinsa na wani wuri.

Ki yi lissafi: kwana biyu a mako, wata uku, bai wuce darasi 26 ba, in ma bai yi fashi ba. Wane gardi ne ya taɓa kai ƙolo sauka a kwana 26? Babbaƙu ake fara yi, sannan farfaru.

Shekarun baya, da damina, na fito daga wurin alwala a wani masallaci, silifas ya kwashe ni a kan jiƙaƙƙen tayil. Ƙafafuna biyu suka tashi sama. Ban yi tunanin komai ba, babu lokacin yi. Na dai ji ƙarar tafin hannuna a ƙasa, tas, na tsinci kaina ina kallon maɓallin rigata. Dattijon da ke bayana ya saki buta yana salati, ya ɗauka kaina ne ya fashe. Hannun ya kwana uku yana zugi, rigar ta jiƙe sharkaf, amma hulata tana kaina, ko ruwa ba ta taɓa ba. Tun da nake ban taɓa ka da kowa a titi ba. Faɗuwar da na raina ina ɗalibi ita ce na ci moriyarta.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya sa wurin da maigida ya samo ya tayar min da hankali. Japan ce mahaifar wasan, amma ita ce ta fi kowa kuka da shi. Wani malamin Jami'ar Nagoya, Ryo Uchida, ya bi bayanan haɗurran makarantu ya tarar cewa daga 1983 zuwa 2011 ɗalibai 118 ne suka rasu ta dalilin judo a makarantun sakandare. Mafi yawansu 'yan ajin farko ne, sababbin shiga, kuma raunin kai ne kan gaba wajen kisan. Dabarar da sunanta ya yi ta maimaituwa ita ce osoto-gari, wata taɗiya da ake shiga ta waje a share ƙafar mutum ya tafi da baya kai tsaye, ƙeya ce farkon isa ƙasa in wuya bai riƙe ba. An haɗa yaran da ba su gama koyon faɗuwa ba da manya, an ce su yi juriya. Da iyayen mamatan suka kafa ƙungiya a 2010 suka hana kowa barci, aka tsaurara horar da malamai, sai ga shi daga 2012 zuwa 2014 ba a rasa ɗalibi ko ɗaya ba. Wasan bai canza ba, masu koyarwa ne suka shiga taitayinsu. Faransa kuwa, mai 'yan judo wajen rabin miliyan, akasarinsu yara ƙanana, tun 1955 doka ta hana mutum buɗe aji yana karɓar kuɗi sai da takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba ta ga irin wannan jerin gawarwaki ba.

Na kusa-kusa shi ne na Taiwan. A watan Afrilun 2021, a birnin Taichung, aka yi ta ka da wani yaro ɗan shekara 7, sabon shiga, har sau 27 a darasi ɗaya. Ya ce kansa na ciwo, ya yi amai, kocin ya ce ƙarya yake. Ya kwana 70 bai farfaɗo ba, ya cika a ƙarshen watan Yuni. Kotu ta ɗaure kocin, amma ɗauri ba ya dawo da ɗa.

Ban ce wancan wurin haka yake ba, ban gan shi ba. Amma duk mai tallar aji da cewa tun makon farko ake kaye, wata biyu a canza ɗamara, ya san abin da iyaye ke son gani ne yake sayar musu. Ɗamara ƙyalle ce, a kasuwa ma ana samunta. Hukumar judo ta Japan da kanta ta soke gasar ƙasa ta ɗaiɗaikun 'yan firamare a 2022, don ta ga zumuɗin iyaye da koci-koci na cin kofi yana cutar da yaran.

Sai dai zan ba maigida rabin gaskiyarsa, in har ta tabbata. Idan awa ɗaya da rabi ake yi ana faɗuwa kawai, babu wasa, babu komai, to malamin ya gaza ta wani gefen, don yaro ba soja ba ne, gundura za ta kore shi. A wata na uku ya kamata a ce suna kokawar ƙasa, wato danne abokin wasa da ƙoƙarin kuɓucewa, wadda yara ke so kamar me kuma babu faɗuwa a cikinta. Ya kamata suna wasannin ja da turi na koyon karkatar da mutum, suna kuma gwada kaye mai sauƙi inda wanda za a kayar yake durƙushe a kan gwiwa ɗaya, kusa da ƙasa. Ba za ki san ko ana yi ba sai kin zauna daga farko har ƙarshe.

In kin zauna, ki fi sa ido a kan mai kayarwa. Rabin lafiyar wanda aka kayar tana hannun wanda ya ka da shi. Ana koya wa yaro kar ya saki hannun rigar abokinsa, ya ɗan ja shi sama lokacin da yake sauka don kai da kafaɗa su tsira, ya tsaya da ƙafafunsa kar ya bi shi ya danne. In kika ga yara na wurgar da juna suna sakin hannu suna tafiya, malami na kallon waya, kin ga abin da kika zo gani. Ki duba yadda ake haɗa su: mai nauyi da mai nauyi, sabo kuma da wanda ya san hannunsa zai lallaɓa shi. Ki taka shimfiɗar da ƙafarki. Ta judo kaurinta santimita 4 zuwa 5 ne, mai tauri a sama, a haɗe ba rata, don rata ce ke kama yatsan ƙafa. Siririn soso a kan siminti ba shimfiɗa ba ce. Ki ga ko bango ko ginshiƙi ya matso kusa. Shaƙe wuya da murɗe gwiwar hannu suna cikin judon manya, amma ba a koya wa 'yan shekara 8. Malamin da ke hukunta yaro da kaye, wai don ya yi surutu ko ya makara, ko kyauta yake koyarwa ki ɗauke ɗanki.

Sannan ki yi wa kowane malami, na nan da na can, tambaya ɗaya: idan kan yaro ya bugu a ajinka, me kake yi? Amsar da ake nema ita ce ya fitar da shi daga wasa a ranar, ya kira iyaye, kuma ba ya dawowa sai likita ya sallame shi. Wanda ya yi dariya ya ce ai yaro da faɗuwa yake girma, ki yi masa godiya ki nemi takalminki. Ba laifi ki tambayi inda ya yi karatun koyarwa da ko ƙungiyar judo ta jiha ta san da shi. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Maigida kuma, kar ki tare shi da cewa ya ji wa yaro ciwo. Ya riga ya sani, kuma na tabbata abin ya dame shi fiye da yadda ya nuna. Mutumin da ya dawo daga nema a gajiye ya ture kujeru don ya yi wasa da ɗansa, so ne ya sa shi. Burinsa ya ga ɗansa ba ya shan kashi a hannun kowa. Ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki ce: "Alhaji, ni ban san kan wasan nan ba, kai ka san kokawa. Don Allah Asabar ɗin nan kai za ka kai shi, ka zauna ka gane mana ko malamin nan ya san abin da yake yi, kafin mu yanke shawara." Faɗuwa ta zo daidai da zama: ya samu girmansa, malamin ya samu mai yi wa bayani. In malamin mai wayo ne zai gayyace shi kan shimfiɗa ya ce ya gwada faɗuwa da baya daga tsugune. Na ga iyaye maza da dama sun tashi daga wannan gwajin suna shafa ƙeya, bakinsu ya mutu. In kuma yana son abin yi da yaron a gida, akwai wanda ba haɗari: yaro ya kwanta a kan darduma ya ɗaga kai yana kallon cibiyarsa, baba na ƙirga masa zuwa goma, a huta a sake. Wuya yake ginawa. Ya kuma ce yaron ya koya masa abin da aka yi a aji, don babu abin da ke faranta wa ɗan shekara 8 rai kamar ya gyara wa babansa kuskure.

Saura sarkin faɗuwa da 'yan'uwansa. Haɗarin tsokanar shi ne wata rana ya ce bari ya nuna musu, ya kwashe ƙafar ɗan yayarki a tsakar gida, wanda bai taɓa jin an ce ya sa haɓa a ƙirji ba. Ki kafa masa doka da babbar murya, malaminsa ma ya nanata: ba a ka da kowa sai a kan shimfiɗa, sai wanda ya iya faɗuwa. Ki nemo masa bidiyon Teddy Riner na Faransa, wanda ya ci zinaren Olamfik na masu nauyi a 2012 da 2016 da 2024, ki gaya masa wannan ƙaton yana ɗan shekara 5 ya fara, kuma da wannan dukan katifar ya fara. In bayan wata biyu nan gaba har yanzu ba ya so, a bar shi ya koma ƙwallo, ba dole.

Ranar da za ki je, ki zauna inda za ki riƙa ganin bayansa. Duk faɗuwar da ya yi ki kalli ƙeyarsa, ki ƙirga sau nawa ta taɓa shimfiɗa daga farkon darasi zuwa ƙarshe. Ki rubuto min adadin, da abin da Alhaji ya ce a hanyar dawowa.